Babur Ɗin da Ba Ya Harbi

Ranar da Alhaji Indabawa, sarkin fawan Mile One, ya ce yana neman mai babur, bai ko rufe baki ba Kallamu ya yi zumbur ya miƙe, har yana take wa mutane ƙafa.

"Ranka ya daɗe, an samu. Ga ni."

Shekara biyar ke nan da gama yaƙin basasa. Hausawan da suka gudu Arewa sun dawo Fatakwal sun sake kafa teburansu, kuɗin mai ya ɓarke, duk lungun da ka leƙa a Diobu sai ka ga tulin yashi da bulo ana gini. Alhaji ya samu kwangilar kai nama kicin ɗin wani kamfanin mai kowace safiya, kukun kamfanin kuwa ya ce shi ƙarfe bakwai yake son namansa, ba bakwai da minti ɗaya ba. Zailani mahauci ne ke kaiwa a kan keke, kullum sai ya isa harshe a waje. Duk wanda ya zo da babur, aikin nasa ne: ga albashi duk wata, ga tebur a cikin kasuwa.

Shi kuwa Kallamu dillalin shanu ne. Shekara ashirin yana shafa bayan shanun mutane yana karɓar la'ada. In ka ɗebe jaki, bai taɓa hawa wani abu shi kaɗai ba a duniya. Ko keke ya hango yana tahowa, gefe yake yi ya ba shi hanya. Amma baki? Wai! Nan kam Allah bai rage shi da komai ba.

"Ka iya babur, Kallamu?" in ji Alhaji.

"Ni? Ranka ya daɗe, lokacin da muke zaman gudu a Kano, wa yake kai wa En'e takarda Wudil? Sai a zuba min shayi in ce a ajiye, in je in dawo bai huce ba."

Zailani ya ce, "Ni dai a kan jaki na san ka a Kano, kana kai taki gona."

"Wannan ranar hutun babur ka gan ni."

Alhaji ya shafa gemu. Ya ce, "To, ba ma musu. Ranar Alhamis da safe ka ɗauko cinyar sa daga mayanka, ka kawo ta nan gaban teburina, ka tsaya, mu gaisa. In na ga haka da idona, aiki naka ne."

"Tsayawa da gaisuwa? Ranka ya daɗe, ka ma ba ni aikin kawai."

Abin da Kallamu ya mallaka a duniya ɗaya ne tak: wani jan sa mai suna Jatau, da ke ɗaure a gindin mangwaro bayan gidan hayarsu. Tun yana maraƙi duk ƙashi ya saye shi, matarsa Haulatu ta yi kiwonsa da ɓawon doya da dusa har shekara uku, ya zama kamar ɗan gida. Da shi suke sa ran kama rumfa tasu ta kansu in Babbar Salla ta zo. Da ta ga maigidan yana kwance igiya, sai ta fito da ludayi a hannu.

"Malam, ina za ka kai min Jatau?"

"Zan mai da shi babur."

"Babur? Kai da ka faɗo daga kan benci a masallaci?"

"Bencin ne mai ƙafa uku. Ke dai ki shirya zama matar ma'aikacin kamfani."

"Wallahi san nan ko ƙuda bai taɓa harba ba. Ka sayar da mai ƙafa huɗu ka kwaso min mai biyu, in ya kashe ka wa zan kama?"

Ko waiwayowa bai yi ba. Kafin azahar mahautan Alhaji sun saye Jatau, Kallamu ya ƙulle kuɗin a lalitarsa ya nufi Mile 3, garejin wani makanike da ake kira Oga Wosu. Zailani ya bi shi. Shi haifaffen Fatakwal ne, Turancin buroka a bakinsa kamar ruwa, ya ce bari ya yi masa tafinta. Kallamu ya ce ba ya bukata. Zailani ya ce to ya zo kallo ne.

Babur uku Oga Wosu ya nuna musu. Na farko ɗan ƙarami ne, fes da shi, taɓawa ɗaya ya tashi, kuma kuɗin Jatau ya isa har da canji. Kallamu ya dube shi sama da ƙasa ya taɓe baki.

"Wannan ai ɗan akuya ne. Ni sa na sayar."

Na biyu da ya ji kuɗinsa sai ya ce launinsa bai yi masa ba. Can kuwa a lungu, ƙarƙashin wani tsohon buhu, ga wani ƙaton baƙin babur da wani Bature ya gudu ya bari tun kafin yaƙi. Sunansa ma ya goge, kaza har ta yi ƙwai a ƙarƙashinsa. Idon Kallamu na faɗawa kansa ya ce, "Yauwa!"

Ya naɗe hannun riga. Ya daki tankin da tafin hannu ya kasa kunne. Ya kama kan babur ɗin ya girgiza, ya ce ƙahon ya yi. Ya leƙa cikin fitila ya ce idon garau yake. Ya koma baya ya ɗaga shi don ya ji nauyi, har jijiyar wuyansa ta fito.

"Zailani, wannan ya yi nama."

Oga Wosu mutumin kirki ne, ba ya son a ce ya cuci baƙo. Ya nuna ƙarfen nan da ake takawa a tayar da inji, ya ce, "Aboki, dis wan e no de kik o."

To, jama'a, a nan aka yi ta. Kallamu ya san kik, amma a kara, kasuwar shanu, ya san shi. Duk mutumin Kudu da ya zo sayen saniya, kafin ya matsa bayanta sai ya tambaya, "E de kik?" Wato tana harbi? Shekara ashirin yana amsa wannan tambaya. Sai fuskarsa ta washe.

"Ka ji ko? Ba ya harbi! Mai ladabi ne."

"Kallamu, ba haka yake nufi ba. Cewa ya yi ƙarfen tayarwar..."

"Kai, don Allah rufe min baki. Ina cinikin shanu da Turanci tun kana yawo ba wando."

Oga Wosu ya ƙara da cewa, "E de drink oyel well well."

"Yana shan mai sosai. Madalla. Dabbar da ke ci tana sha ai lafiyarta ƙalau."

"An e de smok."

Nan Kallamu ya girgiza kai. "Taba? To, wannan halin Baturen ne ya koya masa. A gidana zai daina."

Oga Wosu ya ja Zailani gefe ya tambaye shi ko ɗan'uwan nan nasa lafiyarsa lau. Zailani ya ce lafiya lau yake, gwani ne, daga Kano. Kafin makaniken ya ankara Kallamu ya damƙe hannunsa yana jijjigawa yadda ake yi a kara, yana cewa, "Ce ka sallama! Sallama mana!" Mutum ya sallama don ya ceci kafaɗarsa. Kuɗin Jatau ya tafi kaf, abin da ya rage bai wuce na mai ba.

Daga Mile 3 har Mile One turo shi Kallamu ya yi, gumi har cikin takalmi. Duk wanda ya ce masa, "Hau mana!" sai ya ce, "Ba a hawan dabba ranar da aka saye ta. Sai ta san hanyar gida." Haulatu ta leƙo ta ga abin da aka jingine a gindin mangwaro, a daidai wurin Jatau, mai yana ɗiga daga cikinsa. Ta juya. Ta koma ɗaki ta yi kukanta.

Washegari bayan asuba aka fara karatu a kan titin da ya taso daga mayanka zuwa kasuwa. Kallamu ya taka kik, ƙarfe ya tafi luf kamar an taka tsumma. Ya sake takawa. Ya taka har sau talatin, babur ko tari bai yi ba. Zailani na tsaye ya harɗe hannu.

"Abin da Oga Wosu ya gaya maka ke nan. Sai an tura shi yake tashi."

"Na sani. Gwada ka nake yi."

"To tun da ka sani, ga totur nan a hannun dama, ka murɗa ya tafi. Ga giya a ƙafa. Burki kuma..."

"Dakata. Na tafiya kawai za ka nuna min. Wato ka tuna min. Tsayawa ai kowa ya iya."

Zailani ya ce wallahi ko kuɗi aka yanka wa kallon nan zai biya. Ya dafa baya ya tura. Babur ya yi wata irin gyatsa, ya saki baƙin hayaƙi da ya kori sauron unguwar gaba ɗaya, sannan ya zabura. Tsoro ya sa Kallamu ya ƙanƙame totur ya murɗe shi har ƙarshe. Ya bi ta tsakar wani gida da ba a gayyace shi ba, ya fito ta ɗaya ƙofar da zanen matar gidan naɗe a kansa, igiyar shanya na binsa. Yana ta jan kan babur baya kamar linzami yana ihu, "Kai! Tsaya! Tsaya mana, ɗan banza!" Babur bai san wannan yaren ba.

Dab da teburin Alhaji akwai wani bene da ake ginawa, an jibge tulin yashi a gabansa ya kai tsayin mutum. Nan babur ya je ya kafa kai. Tayar gaba ta nutse, inji ya mutu, Kallamu ya wuce ta sama ya sauka a bayan tulin. Ya tashi yana tofar da yashi, ya dubi babur a tsaye cak ba mai riƙe da shi, sai ya yi murmushi.

"Ka gani? Na gaya maka tsayawa kowa ya iya."

Shi ke nan, Kallamu ya samu burki. Kwana huɗu yana yi kafin kasuwa ta cika: a turo shi daga mayanka, ya taho a guje, ya kafa kai cikin yashi. Ranar farko ya bar fatar gwiwa a can. Rana ta biyu ya bar haƙori. Zuwa rana ta huɗu ya ƙware, yana shiga yashin ya tsaya a kan sirdi, hularsa ko karkacewa ba ta yi. Masu gadin ginin har kujera suke fitowa da ita.

Haulatu kuwa kullum tana gasa masa jiki da ruwan zafi.

"Wa ya harbe ka yau, Malam?"

"Na ce miki ba ya harbi. Ƙasa ce ta taso."

"Allah ya kwantar da ita."

Ranar Alhamis kasuwa ta cika tun da sassafe, don labari ya kai ko'ina. 'Yan albasa sun bar albasarsu, masu doya sun hau kan buhuna, matan Kudu masu kifi sun zo da kujerunsu. Alhaji Indabawa ya zauna a gaban teburinsa da carbi. A mayanka kuwa Kallamu ya sha babbar riga da baƙin tabarau, ya cika tanki fal don kada a ce dabbarsa da yunwa ta fito. Aka ɗaure masa cinya a baya, mahauta biyu suka tura. Ya taho, riga na kaɗawa, hayaƙi na bin sa, jama'a na tafi.

Ya karyo kwana, ya saita yashinsa.

Babu yashi.

Ashe jiya magina sun yi ta zuba kankaren rufin benen har yamma, sun kwashe shi tas. A daidai wurin wata mata ce ta kafa kasko tana tuyar ƙosai. Kallamu ya yi salati ya karkata, ya wuce ta da kamu ɗaya. Ga Alhaji kuma a zaune, an ce a gaisa, kuma ɗan Hausa ba ya wuce babba baki rufe. Yana giftawa ya kwarma, "Salamu alaikum!"

Alhaji ya ce, "Wa alaikumus salam," amma bayan Kallamu ya gaya wa.

Titin ya zagaye rumfunan nama ne ya dawo. Ba a yi minti biyu ba sai ga rugugi ya sake tahowa.

"Ina kwana, ranka ya daɗe!"

"Lafiya lau. Tsaya ma..."

Ya wuce. Zagaye na uku:

"Ina gajiya!"

"Ba gajiya. Kallamu..."

Na huɗu: "Yaya iyali!" Alhaji mutum ne da bai taɓa barin gaisuwa a ƙasa ba, dole ya ce lafiya lau. Na biyar aka tambayi kasuwa. Na shida aka tambayi ruwan jiya. Mutane suka fara ƙirgawa da ƙarfi. A zagaye na bakwai karnukan mayanka suka shigo layi, guda tara, wani gurgu a ƙarshe yana iya ƙoƙarinsa. Igiya ta saki, cinya ta zame ta kwanta a kan salansa mai zafi, sai ƙamshin gashi ya gauraye kasuwa. Wata mai kifi ta miƙe tana ɗaga kuɗi, wai a yanko mata suya in ya sake zagayowa.

"Taka burki!" in ji jama'a. "Burki, Kallamu!"

Ya taka abin da ƙafarsa ta samu, ashe giya ce. Babur ya ƙara wuta. Tabarau ya tafi, hula ta bi shi. Da ya zo giftawa ta goma ba Alhaji ya kira ba.

"Zailani! Ina yashina!"

"Yana sama, ya zama bene!"

Gaisuwa ta ƙare masa, har ya koma ya sake daga ina kwana. Tanki kuwa fal, ko rabi bai sha ba. Wani ya ce a shimfiɗa katifa, wani ya ce a jefa masa igiya a wuya kamar sa, wani ya ce a bar shi kawai, zuwa la'asar zai tsaya.

Ana cikin haka sai ga Liman Nasidi ya fito daga masallaci da sandarsa, ya zo ya tsaya kusa da Alhaji yana tambayar wane ne ya rasu ake wannan taro. Kallamu ya hango farin rawani. Alhaji ana iya gaishe shi da baki, amma Liman? Tun yana yaro hannunsa bai taɓa ganin malami ya zauna lafiya ba. Kafin ya yi tunani hannun dama ya saki totur ya tashi sama.

"Allah gafarta Malam!"

Babur ya ji an sake shi. Ya yi tari, ya yi gyatsa, ya rage gudu, ya gangaro a hankali a hankali, ya zo daidai gaban takalmin Alhaji ya mutu. Kallamu ya sa ƙafa a ƙasa. Kasuwa ta yi tsit, ba ka jin komai sai hakin karnuka.

Wani da ya ga haka ai sai ya sauka ya yi sujada ya tafi gida. Ban da Kallamu. Ya gyara wuyan riga, ya share hawayen da iska ta zubo masa, ya yi gyaran murya.

"Ranka ya daɗe, ka ga na ɗan jima. Gaisuwar manya ce ban so in gajarta ba."

Wallahi saura kaɗan ya ci. Alhaji ya dubi babur a tsaye a gabansa, ya dubi Liman, ya ce, "To, ya dai tsaya, kuma mun gaisa, har ta yi yawa. Madalla. Tayar da shi ka wuce kamfani mu ga tashinka."

Kallamu ya saci kallon Zailani. Zailani ya ɗaga kai yana kallon gajimare. A ce a tura shi a gaban wannan taro, shi da ya kai takarda Wudil shayi bai huce ba? Ina! Ya dubi kik. Alhaji ya ja kujerarsa baya kaɗan.

"A'a, matso abinka, ranka ya daɗe. Ba ya harbi. Da bakin mai shi na ji."

Ya tattare riga, ya yi bismilla, ya daka tsalle ya sauka a kan ƙarfen da duk nauyin da Allah ya ba shi. Injin da ya sha zagaye goma sha uku ya yi zafi kamar murhu. Ya ce "Tau!" sau ɗaya, kamar an harba bindiga. Ƙarfe ya dawo sama da ƙarfin da ya tara tun kafin yaƙi. Jama'a suka ga Kallamu ya tashi, riga ta buɗe, ya bi ta kan teburin Alhaji ya faɗa zaune cikin bahon da ake wanke kayan ciki. Takalminsa ya iso daga baya, ya sauka a cinyar Liman.

Dariyar da aka yi ran nan har Mile 3 an ji ta. Mai ƙosai ta zauna a ƙasa tana riƙe ciki. Zailani ya zo bakin baho ya tsuguna.

"Kallamu, e de kik?"

Kallamu ya yunƙura ya miƙe. Yana cire hanji daga wuyansa.

Alhaji ya share ido da gefen rawani, ya ce, "Zailani, ɗauko kekenka, a ba ka wata cinyar, ka ba kuku haƙuri." Sannan ya sa aka kwance wadda ke bayan babur. Gefe ɗaya ya ƙone, ɗaya gefen karnuka sun ɗanɗana. Ya miƙa wa Kallamu.

"Ungo, kai wa Haulatu. Ita ta yi wahalarta. Yau da asuba aka yanka Jatau, tasa ce."

Nan bakin Kallamu ya mutu, karo na farko tun da aka san shi a Mile One. Ya saɓa cinyar a kafaɗa, ya bar babur a inda yake, ya kama hanya yana ɗingishi, takalmi ƙafa ɗaya.

Haulatu na zaune a gindin mangwaro, labari ya riga shi isowa. Ya ajiye naman a gabanta ya tsaya, idon sawunsa ya kumbura ya yi kamar tulu. Ta dubi ƙafarsa. Ta dubi wadda ya kawo, ta daɗe tana kallonta, sannan ta ɗora hannu a kai.

"Wannan dai," in ji ta, "shekara uku ina wucewa ta bayanta da kwanon dusa. Ba ta taɓa harbina ba."